Takardar sito tana hannuna, banki kuma ya kulle masana'anta: wa za a fara biya?

Tambaya: "Barista, ni ɗan kasuwa ne a Dawanau. Shekara biyu ke nan ina kai wa wani kamfanin casar shinkafa shanshera, yanzu ina bin su naira miliyan 40 kuɗin kaya. Ban da wannan, bara da kaka mai kamfanin ya karɓi rancen miliyan 60 a hannuna, ya ba ni takardar C of O ta wani sito nasu, muka yi rubutu a gaban shaidu. Makon jiya na je na tarar an canza masu gadi, an manna takarda a ƙofa cewa banki ya naɗa risiba, wato wanda zai riƙe dukiyar kamfanin ya biya banki bashinsa. Wasu sun ce tunda takarda tana hannuna ba mai taɓa siton, wasu sun ce banki zai lamushe komai. Ina gaskiyar take? Sannan na hango buhunana a ciki da tambarina a jiki, zan iya kwashe abina?"

Alhaji, Allah ya mayar da alheri, ya sa a fita lafiya. Kai a lissafinka miliyan 100 kake bin mutum ɗaya, amma a idon doka basussuka biyu ne, kuma ba layi ɗaya za su bi ba. Miliyan 40 na kaya bashi ne tsura, ba abin da ya tokare shi sai amana. Miliyan 60 kuwa kana da'awar akwai jingina a kansa. Saboda haka abin da kake tambaya shi ne: wannan takardar da ke cikin akwatinka ta shigar da kai sahun masu jingina ko ba ta shigar ba, in kuma ta shigar, kai da banki wa ke gaba? Ban ga takardunka ba, don haka ba zan yanke maka hukunci daga nan ba. Zan dai shimfiɗa maka yadda abin yake tafiya, har ka iya auna matsayinka tun kafin ka shiga ofishin lauya.

Mu fara da abin da ya fi ba 'yan kasuwarmu wahalar haɗiyewa. Kamfani mai rajista mutum ne daban da mai shi. Alhajin da kuka zauna a tabarma ɗaya kuka ƙulla magana, idan da sunan kamfani ya karɓi kuɗin, to kamfani kake bi, gidansa da motocinsa ba su shiga ba. Wannan ƙa'ida mun gaje ta daga Ingila, daga shari'ar wani mai sana'ar takalma a Landan, Aron Salomon. Ya mayar da sana'arsa kamfani, shi da matarsa da 'ya'yansa biyar ne masu hannun jari, sannan ya sa kamfanin ya rubuta masa takardar bashin fam 10,000 tare da jingina a kan dukiyar kamfanin. Da kamfanin ya karye, sauran masu bin bashi suka ce ai wannan wasa da hankali ne, mutum ya jinginar wa kansa. Kotun ƙoli ta can, a hukuncin da ake ambata da na 1897, ta ce a'a, kamfani daban, Salomon daban, kuma jinginarsa tana gaban bashinsu. Darasi biyu ke nan a shari'a ɗaya, kuma duka biyun suna aiki a Kano yau.

Dokar da ke tafiyar da wannan lamari a Najeriya ita ce dokar kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA. Shugaba Buhari ya sa mata hannu a watan Agusta na shekarar, ta maye gurbin ta 1990. Kotun da ke da hurumin rigingimun da suka taso daga wannan doka kuwa ita ce Babbar Kotun Tarayya, kamar yadda sashe na 251 na tsarin mulki ya tanada. Ina faɗar wannan ne saboda na sha ganin wanda ya ɓata wata shida a kotun da ba ta da ikon rushe kamfani ko tsoma baki a aikin risiba.

Jinginar turke da jingina mai shawagi

Kamfani yana ba da jingina iri biyu. Ta farko ita ce wadda nake kira jinginar turke: an nuna kadara takamaimai, wannan fili, wannan inji, wannan janareto, an ɗaure ta. Kamfani na iya amfani da ita, amma ba ya sayarwa sai da iznin mai jingina. Ta biyu ita ce mai shawagi. Wannan ba ta ɗaure komai ba, tana kewayawa ne a saman dukiyar da ke shiga tana fita kullum, kamar shinkafar da ke sito, buhuna, man dizal, da kuɗin da kamfani ke bin dilolinsa. Kamfani na saye da sayarwa yadda ya ga dama, ita tana sama kamar shaho. Ranar da aka kasa biya aka naɗa risiba, ko aka fara rushe kamfani, sai ta kawo sura, ta danne duk abin da ta tarar a ƙasa a wannan ranar.

Bankuna ba sa zaɓen ɗaya su bar ɗaya. Takardar da suke sa kamfani ya sa wa hannu, wadda ake kira dibenca, yawanci tana haɗa duka biyun: turke a kan fili da gini da injuna, shawagi a kan duk sauran abin da kamfani ya mallaka ko zai mallaka nan gaba. Kusan na tabbata irinta ce ta ba wannan bankin ikon naɗa risiba ba tare da ya je kotu ba. Bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa su ma haka suke ɗaure dukiyar wanda suka ba kaya, bambancin yana cikin kwangilar ne kawai.

Sunan da aka rubuta a takarda ba shi ne hukunci ba. Idan banki ya rubuta cewa jinginar turke ce a kan kuɗin da kamfani ke bin mutane, amma ya bar kamfanin yana karɓa yana kashewa yadda ya so, to mai shawagi ce komai sunan da aka raɗa mata. Kotun ƙolin Ingila ta tabbatar da haka a 2005 a shari'ar Spectrum Plus, kuma lauyoyi a nan suna kafa hujja da ita. Wannan bambanci kuɗi ne tsaba, domin mai turke da mai shawagi ba wuri ɗaya suke tsayawa a layi ba.

Riƙon hannu a fikihu, rajista a doka

Nan ne zuciyar tambayarka, kuma na fahimci dalilin da ya sa abokanka suka ce ba mai taɓa siton. Tunaninmu na jingina daga fikihu ya fito. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ambaci jingina abar karɓa a hannu, kuma a mazhabar Malikiyya jingina ba ta cika sai da riƙo. Wanda aka yi wa alkawarin jingina bai karɓa ba har mai bashi ya tsiyace, to ya zama ɗaya da sauran masu bin bashi. Shi ya sa Bahaushe in ya damƙi takarda ko makulli hankalinsa ke kwanciya.

Dokar kamfani ta yarda da hikimar, amma ta sauya abin da ake riƙewa. Manufar riƙo ita ce kowa ya san wannan kadarar an ɗaure ta, kada wani ya ba da bashi yana hangen ta. Takardar da ke kulle a akwati a Dawanau ba ta sanar da kowa komai. Saboda haka sashe na 222 na CAMA ya ce jinginar da kamfani ya bayar a kan fili, da jingina mai shawagi, da wasu ire-irensu, dole a yi musu rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, cikin kwana 90 daga ranar da aka ƙulla. In ba a yi ba, jinginar ta faɗi a gaban mai rushe kamfani da kuma sauran masu bin bashi. Bashin yana nan, hasali ma ya zama wajibin biya nan take, amma tokarin ya tafi. Kuma wannan ya shafi har jinginar da aka yi ta hanyar miƙa takardar fili kawai, irin taka.

Abin takaicin shi ne rajistar ba ta da tsadar da mutane ke tsoro. Dokar 2020 ta ƙayyade cewa kuɗin CAC ba zai wuce kashi 0.35 cikin ɗari na adadin jinginar ba. A kan miliyan 60, naira 210,000 ke nan, ban da kuɗin hatimin gwamnati da ladan lauya. A bisa doka nauyin kamfani ne ya kai takardun, amma mai jingina ma yana da ikon kaiwa, kuma ni ban taɓa barin wannan aiki a hannun wanda ake bi ba. Wa zai yi gaggawar ɗaure kansa?

Fili kuma yana da nasa ƙarin sharaɗin. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce mai C of O ba ya jinginar da ita sai da amincewar gwamna. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina a shari'ar bankin Savannah da Ajilo saboda rashin wannan amincewa, abin da ya girgiza bankuna a lokacin. Daga baya kotuna sun riƙa ƙin barin wanda ya ci kuɗi ya fake da sakacinsa na rashin neman amincewar, amma wannan sassauci tsakaninka da wanda ka ba rance ne. Ba zai tsallakar da kai gaban bankin da ya cika kowane sharaɗi ba. Sannan mai riƙe da takarda kawai ba ya sayar da fili da kansa, sai ya nemi umarnin kotu.

Ka ce bara da kaka aka yi rancen, ke nan kwana 90 sun daɗe da wucewa. Akwai ƙofa ɗaya: kotu na iya ƙara wa'adin rajista idan ta gamsu cewa mantuwa ce ko kuskure. Sai dai tana bayarwa ne bisa sharaɗin ba za a taɓa haƙƙin wanda ya riga ya samu nasa ba, kuma da zarar an fara rushe kamfani da wuya ƙwarai ta bayar. In lauyanka zai gwada, wannan makon ne lokacinsa.

Kafin ka karaya, ka buɗe takardar ka karanta sunan da ke jiki. Wani ɗan kasuwa ya taɓa zuwa ofishina da irin matsalarka, ya ciro C of O daga cikin leda uku, ya ajiye a tebur yana cewa shi dai an gama da shi, don an gaya masa maganar kwana 90. Na buɗe shafin farko sai na ga ba sunan kamfani ba ne, sunan shi mai kamfanin ne, da lakabinsa da sunan mahaifinsa. Na tambaye shi wa ya sa hannu a rubutun, ya nuna mini, mutumin ne da kansa. Na ce masa to ai wannan filin ba ya cikin dukiyar da risiba zai taɓa, kuma ba ruwansa da rajistar CAC, domin ba kamfani ne ya jinginar ba. Ya cire hula ya share gumi, ya daɗe bai ce komai ba. A garin nan dukiyar Alhaji da ta kamfanin Alhaji a cakuɗe suke, ana cewa "sitonmu" alhali a takarda na mutum ɗaya ne. In naka haka yake, shari'arka ta koma tsakaninka da shi, sai dai a bincika a ofishin filaye na jiha ko bai riga ya jinginar wa wani ba.

Yadda layin yake

Mu ɗauka siton na kamfani ne. Mai jinginar turke da ya cika sharuɗɗa shi ne a gaba a kan kadarar da aka ɗaure masa, kuma sashe na 207 ya fito fili cewa yana gaban har basussukan da doka ta fifita. In su biyu ne a kan kadara ɗaya, a bisa asali wanda ya riga ka barci ya riga ka tashi, muddin ya yi rajistarsa a kan lokaci. Bayansa sai basussukan da sashe na 657 ya fifita: albashin ma'aikata, kuɗin fansho da aka cire ba a zuba ba, haƙƙin hutu, da wasu haraji. Sai mai jingina mai shawagi. Sai masu bashi tsura, su raba abin da ya rage gwargwadon bashin kowa. Masu hannun jari su ne na ƙarshe, in an ga saura.

Akwai wani kwan-gaba-kwan-baya a dokar da ya kamata ka sani. Shi wannan sashe na 657 a wani wuri ya ce basussukan da aka fifita suna gaban mai shawagi, a wani wurin kuma ya ce masu jingina suna gaban kowa, bai ware mai shawagi ba. Lauyoyin banki suna riƙe da na biyun, lauyoyin ma'aikata suna riƙe da na farko. Ni a ganina fassarar da ta fi dacewa ita ce a biya ma'aikata kafin mai shawagi, domin in ba haka ba an bar wani ɓangare na dokar ba shi da aiki. Amma ra'ayin lauya ne, alƙali na iya ganin akasin haka.

Ga misali da lissafi, adadin nawa ne na ƙirƙira don a gane. Banki yana bin miliyan 600. An sayar da masana'anta da injuna, bayan cire kuɗin ɗawainiya an samu 450, saura 150. Shinkafa da sauran kayan da ke ƙarƙashin shawagi sun kawo 120, an cire 30 na ma'aikata da haraji, banki ya ɗauki 90, saura 60. Ya rage siton nan, a ce ya yi miliyan 100.

In jinginarka ta turke ce mai rajista, ka ɗauki 60 ɗinka cif, banki ya kwashi 40 da suka rage, kuɗin shansherarka kuwa ba ko sisi, don bankin ma bai cika ba. In ba ta da rajista, banki ya cike 60 ɗinsa daga siton, 40 su rage wa masu bashi tsura. A ce jimillar bashinsu 400 ne har da naka 100, kowa zai samu kobo goma a kan naira, kai ka tashi da miliyan 10. Tsakanin 60 da 10 akwai takarda guda da ba a kai CAC ba.

Akwai hali na uku. Bisa asali jinginar turke tana gaban mai shawagi ko da mai shawagin ta riga ta. Don toshe wannan ne bankuna ke sa sharaɗin cewa kamfani ba zai ba wani jinginar da za ta sha gabansu ba. Sashe na 204 ya ce in an yi rajistar wannan sharaɗi a CAC, to ana ɗauka kowa ya sani, ko ya bincika ko bai bincika ba. A wannan hali, ko da ka yi rajista, banki ne zai fara cike 60 ɗinsa, kai ka ɗauki 40. Shi ya sa binciken fayil ɗin kamfani yake zuwa kafin a ƙirga kuɗi.

Risiba, kantoma da mai rabon gado

Mutumin da ya canza masu gadi ba alƙali ba ne, kuma ba don kai ya zo ba. Risiban da ba kotu ce ta naɗa ba, shi wakilin wanda ya naɗa shi ne, aikinsa ya tattara dukiyar da ke ƙarƙashin jingina, ya sayar ko ya juya ta, ya biya uban gidansa. In an haɗa masa da ikon gudanarwa, daraktoci sun koma 'yan kallo a kan wannan dukiyar. Irin wannan ne hukumar AMCON, mai karɓar basussukan bankuna da suka maƙale, ta yi wa kamfanin jiragen Arik a Fabrairun 2017. Wani salon kuma shi ne na Yulin 2022, lokacin da bankin Fidelity ya motsa a kan kamfanonin rarraba lantarki na Kano da Kaduna da Benin. Can hannun jarin masu zuba jari ne aka jinginar, don haka shugabancin kamfanonin aka sauya.

Duk da haka risiba ba sakakke ba ne. Dole a sanar da CAC naɗinsa, dole ya kasance cikin waɗanda aka ba lasisin wannan aiki, dole ya yi lissafi, ba ya sayar wa kansa ko ya karyar da kaya a ɓoye ga ɗan'uwansa. Kuma banki ba ya cin fiye da bashinsa da ɗawainiyarsa, rarar ta mai biye ce a layi. A nan doka da fikihu sun haɗu, domin a Musulunci ma jingina ba ta zama mallakar mai riƙe da ita don kawai an kasa biya. In ka ga ana shirin sayar da masana'antar biliyan ɗaya a kan miliyan 300 ba talla ba ƙiyasi, kana da bakin zuwa kotu, tunda duk nairar da aka karyar daga rabonka take fita.

Dokar 2020 ta kawo sabon abu, wato naɗa wa kamfani kantoma don a gwada ceto shi. Kotu na iya naɗawa, daraktoci na iya, mai jingina mai shawagi ma na iya. Da zarar ya hau, kowa ya dakata: ba mai sayar da jingina ko ƙwace kaya sai da yardarsa ko iznin kotu. Wa'adinsa shekara ɗaya ne, ana iya ƙarawa. Jinginar ba ta mutu ba, hannu kawai aka riƙe, kuma in kotu ta ba shi izni ya sayar da kadarar turke, kuɗin na mai turken ne. Haka in kamfani ya kira taron sulhu don a yafe wani kaso na bashi, rinjayen ƙuri'a ba ya taɓa haƙƙin mai jingina sai ya amince da bakinsa. Akwai kuma wani tsarin sasantawa ta hannun kotu da ke dakatar da masu bin bashi na wata shida. Ra'ayina, ga mai bashi tsura irin na shansherarka, kamfanin da ke numfashi ya fi gawarsa amfani nesa ba kusa ba. Injin casa da aka kwance aka sayar a matsayin ƙarfe ba ya biyan kowa.

In ceto ya gagara sai rushewa, a naɗa likwideta, wanda nake kwatanta wa mutane da mai rabon gado. Mai jingina a nan yana da zaɓi. Ya tsaya a kan jinginarsa bai nemi komai ba, ko ya sayar ya shiga layi da abin da bai cika ba, ko ya ƙiyasta darajarta ya nemi ragowar, ko ya sallama ta ya shiga layi da duka bashin. Tarkon yana wurin taron masu bin bashi: wanda ya cike fom ya kaɗa ƙuri'a da dukan bashinsa bai ambaci jinginarsa ba, ana iya ɗauka ya sallama ta. Kada ka cike wannan fom a tsaye a bakin ƙofa.

Likwideta kuma yana waiwaye. In kamfani yana tangal-tangal ya zaɓi wani mai bin bashi ya biya shi ko ya ba shi jingina don ya fifita shi, cikin watanni uku kafin faɗuwa, ana iya warware abin, kuma ga na jikin kamfani wa'adin waiwayen ya fi haka tsawo. Ina faɗa maka ne saboda na san abin da ke biyo baya. Mai kamfani zai kira ka da daddare, kunya ta ishe shi, ya ce ka turo mota ta ƙofar baya, ko a sake rubutu a mayar da kwanan wata baya. Na farkon za a iya sa ka dawo da kayan. Na biyun jabu ne, laifi ne da ke kai mutum gidan yari.

Buhunan da ke da tambarinka

Na san hadisin da ke ranka, wanda ya ce duk wanda ya tarar da kayansa da idonsu a wurin wanda ya tsiyace, shi ya fi cancanta da su. Hukuncin Malikiyya ke nan, kuma malamai sun fi ni sanin rassansa. Amma rabon dukiyar kamfani mai rajista da CAMA ake yin sa, kuma a dokar ciniki, in ka sayar ka miƙa kaya bashi, mallaka ta koma hannun mai saye. Tambarin da ke jikin buhu ba ya riƙe ta. Buhunan sun shiga ƙarƙashin shahon banki tun ranar da aka sauke su.

Hanya biyu ce ke fitar da su. Ɗaya, in a takardar cinikinku an rubuta cewa kaya naka ne har sai an biya, kuma suna nan ba a cashe ba, ba a cakuɗa da na wasu ba. Da wuya in ga wannan sharaɗi a rasiɗin Dawanau, alhali layi ɗaya ne. Biyu, in wasu buhunan ba sayarwa ka yi ba, ka kai ne a cashe maka ka biya kuɗin aiki. Wannan ajiya ce, ba dukiyar kamfani ba ce, kuma risiba ba shi da haƙƙi a kanta. Na taɓa karɓo wa wata Hajiya buhu 300 da wannan hujjar, kuma abin da ya cece ta shi ne littafin mai gadi da takardar sikeli, inda aka rubuta "na casa" a gefen lambar motar. Ko a hakan, da wasiƙa ake nema. Ranar da ka je da 'yan dako ka fasa ƙofa, ka mayar da kanka wanda ake tuhuma.

Abin da zan so ka yi cikin kwanakin nan kaɗan ne. Lauyanka ya binciki fayil ɗin kamfanin a CAC, ya ga ranar da banki ya yi rajista, da abin da dibencarsa ta rufe, da ko akwai sharaɗin hana wata jingina. Bankuna ma suna sakaci, na taɓa ganin wanda ya biya hatimi a kan adadi kaɗan ya ba da rance mai yawa, kuma hakan na iya taƙaita abin da jinginarsa ta tokare. A duba ofishin filaye, a duba kuma rajistar jinginar kayan da ake iya ɗauka, wadda dokar 2017 ta kafa a ƙarƙashin Babban Banki. A rubuta wa risiba wasiƙa a sanar da shi basussukan biyu daban-daban, da kwafin rubutunku, da shaidar tura kuɗi, da takardun sikeli. Asalin C of O kuwa kada ta bar hannunka, ko wa ya aiko, sai bisa yarjejeniya a rubuce ko umarnin kotu. Ko jinginarka ta raunana, mai sayen sito zai so asalin takarda, kuma na ga risiban da ya zauna ya yi sulhu saboda wannan kaɗai.

Sai ka sake karanta rubutun da kuka yi a gaban shaidu, kalma bayan kalma. In akwai inda mai kamfanin ya ce shi da kansa ya lamunce, ko ya ɗauki nauyin biya in kamfani ya gaza, to kana da mutum na biyu da za ka bi, kuma karyewar kamfani ba ta sauke masa wannan nauyi ba. Sai dai ka sani kusan kowane banki yana karɓar irin wannan lamuni daga daraktoci, ke nan a ƙofar gidansa ma za ka iya tarar da lauyan banki ya riga ka zama a benci.